Kwanon Miyar da Ya Zaga Unguwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa gare ki, 'yar nan, babbar ɗakina.

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Kano lafiya, jikinki bai yi tsami da zaman mota ba, kayanki ba su ɓace a tasha ba. Allah Ya tsare ki a hanya, Ya tsare ki a gidan Kawunki, Ya tsare ki a wurin aikin da ya kira ki. Na cusa takardar a cikin ninkin sallayarki ne, don na san ita za ki fara warwarewa idan kin isa.

Yanzu haka kun fita ke da ƙanwarki Walida sallamar dangi. An yi yayyafi da hantsi, ƙasar tsakar gida sai ƙamshi take yi, gidan ya yi tsit, ni kuma na ture keken ɗinki gefe na ɗauki bironki da kika manta a kan taga. Kada ki yi wa rubutuna dariya. Na daɗe ban rubuta abin da ya wuce awon riga ba.

Ba labarin gida zan ba ki ba, kin fi ni saninsa. Magana guda ce take cina tun shekaranjiya.

Ranar da Walida take yi miki kitso a bakin ƙofata, ina ciki ina ɗinka zanen da za ki tafi da shi. Kun ɗauka ƙarar keke ta rufe muryarku. To na tsayar da ƙafata, ba ku lura ba. Na ji kin ce mata a cikin takardar da kika rubuta wa mutanen Kano, wadda suka karanta suka zaɓe ki a kanta, akwai wuri guda da kika rubuta kamar kin gwada ya yi, alhali duk gwajin da kika yi ƙi yake yi. Walida ta ce, "To Yaya Ummi, ba sai ki faɗa wa matar da za ta duba aikin naki ba?" Kika ce, "Ke rufa mini asiri. In faɗa su koro ni? Lallaɓawa zan yi in gyara kafin kowa ya gani." Sai ta ja miki gashi, kika yi ƙara, kika ce mata muguwa, maganar ta bi iska.

A wurina ba ta bi iska ba. Da ita na kwana, da ita na tashi.

Za ki ce me Umma ta sani a kan kwamfuta. Gaskiya ne, ko kunna ta ban iya ba. Amma aikin nan naki na san shi tun ranar da aka haife shi, don a gabana aka yi.

Kin tuna ranar da kika dawo daga makaranta idonki jawur, ko sallama ba ki ƙarasa ba kika faɗa ɗakin kakarki Iya, Allah Ya jiƙanta? Ina bakin madafa ina tsintar shinkafa, ina jin ku. Iya ta ce, "Takwara, wa ya mutu?" Kika ce babu. Ta ce, "To wa ya ce ba ya sonki, in je in same shi da muciya?" Duk da kukan sai da kika yi dariya. Sannan kika ba ta labari. A ɗakin kwamfutocin makarantarku kin ga wata waya tana reto daga jikin akwatin da wayoyi suke shiga, kin ɗauka zarewa ta yi, kika ɗauka kika soke ta a ramin ɗaya akwatin da ke kusa, don ki taimaka. Ashe akwatunan biyu da ma a haɗe suke ta wata wayar. Nan take fitilunsu suka hau ƙiftawa kamar sun haukace, kwamfutocin ɗakin duka suka tsaya cak, ga ɗalibai cike suna gwajin jarrabawa. Mai kula da ɗakin ya yi miki tsawa a gaban kowa.

Iya ta ce, "Waya guda ce ta yi wannan ɓarna? Ban yarda ba. Nuna mini."

Sai kuka fito tsakar gida, kika zari tsinken tsintsiya kika zana ɗakuna-ɗakuna a ƙasa. Har yanzu ina ganin zanen a idona. Kika ce, "Iya, ki ɗauka waɗannan gidaje ne. Kowane akwati gada ne tsakanin kwamfutocin nan da na can. Idan saƙo ya zo masa bai san mai shi ba, sai ya aika shi ta kowace ƙofa, ban da ƙofar da ya shigo. To idan hanyoyin suka yi zobe, saƙon ba ya tsayawa. Ya fita ta nan ya dawo ta can, a sake aika shi, ya yi ta haihuwa, har hanya ta cushe babu mai wucewa."

Iya ta kalli zanen, ta kalle ni, sai ta fashe da dariya har da tari. Ta ce, "Ashe inji ma bai san ɗaga murfi ba! Takwara, je ki tambayi uwarki labarin miyar taushe."

Ba ki tambaye ni ba, ni ma ban ba ki ba. Ga shi yau.

Ƙaramar Sallar farko ce bayan an kawo ni daga Sandamu. Ina amarya, lallena bai gama gogewa ba. Iya ta ce ita za ta yi funkaso, ni in yi miyar taushe, a ga hannun amarya. Na ɗora tukunya, na zuba kabewa, na zuba yakuwa, komai ya tafi daidai. Sai na zauna a kan turmi na jawo littafin soyayya da na ɓoye a ƙarƙashin faifai, na ce bari in karanta shafi ɗaya kafin ta nuna. Kin san shafi ɗaya na littafin soyayya. An kai wurin da saurayin ya dawo daga tafiya yana tsaye a zaure, budurwar tana leƙensa ta bayan labule, ni kuma zuciyata tana can tare da ita. Ƙauri ne ya dawo da ni Daura.

Miyar ta kama a gindi. Tsoro ya rufe ni. Na ɗauki ludayi na kankare ƙasan tukunyar, na juya, na juya, na ƙara daddawa, na kwarara man shanu a sama don ƙamshinsa ya danne. Iya ta zo wucewa da kwaryar ƙullu ta ce, "Amarya, lafiya dai miyar?" Na sunkuyar da kai na ce, "Lafiya lau, Iya."

Aka zuzzuba a kwanuka aka kai maƙwabta. Kin san yadda muke yi ranar Sallah. Ba a mayar da kwano haka nan, kuma abinci ya fi cikin kowa yawa, don haka abin da aka kawo miki daga wannan gida sai ki juye a naki kwanon ki aika wa wancan gida, in dai ba gidan da ya fito ba ne. Abinci mai daɗi ba ya nisa, gida na farko ko na biyu yara sun cinye shi. Tawa miyar kuwa, duk gidan da ta shiga sai a ɗanɗana, a ji ƙauri, a rufe, a ce kai wa su wane. Babu wanda ya zubar, don abincin Sallah ne. Babu wanda ya ci.

Kafin azahar miyar ta dawo gidanmu a cikin kwanon gidan Liman. Ina ta hidima, ban ɗaga murfin ba, na ce a miƙa wa gidan mai unguwa. Ta sake fita. Ta sake dawowa ta ɗaya ɓangaren a wani kwanon, na sake turawa. Da la'asar, mata sun cika tsakar gida ana gaishe-gaishe, Iya ta jawo kwanukan da suka taru ta fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya don ta raba wa baƙi. Ta buɗe wannan, miyata. Ta buɗe wancan, miyata. Ta ɗago ta ce, "Amarya, miyarki ta fi mu zumunci. Ta gaida kowa a unguwa, ta dawo ta ce a gaishe ki."

Aka yi dariya har wata ta riƙe ciki. Ni kuwa na roƙi ƙasa ta tsage.

Bayan an watse ta kira ni ɗaki. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Da kin faɗa mini da safen nan da na tambaye ki, da aikin bai kai na shan ruwa ba. Miyar da ta kama ba a juya ta. Tsiyaye ta sama ake yi a wata tukunya, a bar ta ƙasan. Juyawar da kika yi don ki ɓoye, ita ta kai ƙaurin ko'ina."

To 'yar nan, ki ji ni. Wurin nan da ya ƙi miki a aikinki, yanzu a gindin tukunya yake. Ƙarami ne, wuri guda ne, kin san inda yake. Idan kika yi shiru kika ci gaba da ɗora sabon aiki a kansa, kina lallaɓawa kina shafa masa man shanu, sai ya shiga ko'ina. Kuma abin da kike rubutawa ba a ɗakinki zai zauna ba. Ke kika ce idan ya yi kyau za a ba wasu su sa a nasu akwatunan, makarantu da asibitoci da ofisoshi. Ranar da ya tsaya musu, wata yarinya ce za a yi wa tsawa a gaban mutane, wadda ba ta san komai ba, kamar yadda aka yi miki. Ranar farko da matar nan Injiniya za ta ce miki, "Lafiya dai aikin?" kada ki ce lafiya lau. Ki buɗe mata ki nuna mata wurin.

Na san abin da za ki ce a ranki. Za ki ce ai za ta gane da kanta, tunda gwana ce, idan ta ga ina ɗari-ɗari za ta fahimta. Wannan ma ni kika gado, kuma ni ma daga littattafai na ɗauko shi. A cikinsu yarinya ba ta magana. Ta sunkuyar da kai, ta yi wasa da bakin mayafi, shi kuma ya karanta duk abin da ke zuciyarta daga ƙwayar idonta. Na yarda da wannan ƙwarai ina budurwa, har ina tsayawa gaban madubi ina gwada irin kallon.

Lokacin da Abbanku yake zuwa zance Sandamu, wata ranar kasuwa ya biyo daga Mai'aduwa bayan ya sayar da awakinsa, ya kawo mini cuku, busasshen nan na mutanen Nijar, a naɗe cikin takarda. Ya miƙo mini yana murmushi kamar ya kawo zinariya. Na gutsura. Wallahi kamar na tauna tsohon takalmi. Ya ce, "Ya kika ji?" Na sunkuyar da kai na yi irin kallon madubin, ina jira ya karanta. Ya ce, "Kin ji daɗinsa ko?" Na ce, "Sosai."

Shi ke nan na ɗaure kaina. Duk ranar kasuwar Mai'aduwa sai cuku. Aka yi aure, cuku. Na haife ki, cuku, har da ƙari wai mai jego tana buƙata. Idan bai samu a wurin mai shi ba sai ya zaga kasuwar a rana yana nema, ya dawo yana ba ni haƙuri. Ina karɓa da hannu biyu, in yi godiya, in ya fita in ba Iya ta jiƙa a shayi. Kina tafiya da ƙafarki kafin ya gane, kuma ba daga idona ya gane ba. Iya ce ta ce masa wata rana, "Kai, makon nan cukun bai kai na wancan ba." Ya tsaya ya kalle ta, ya kalle ni. Da muka shiga ɗaki ya zauna a bakin gado ya ce, "Duk ranar nan da na sha? Da kin faɗa, ai dabino yana nan a bakin tasha, ko sauka daga babur ba sai na yi ba." Bai yi fushi ba, amma na ga abin ya taɓa shi, don shi da gaske yake kawowa. Ranar na gane shirun da nake ɗauka ladabi ne, wahala yake ba mutumin da yake sona.

Mutumin da ya zauna da ni shekara da shekaru bai karanta idona ba, balle matar da ba ta taɓa ganinki ba sai a rubuce, ga ɗalibai a gabanta kowa da tasa matsalar. Idan ba ki gane ba, ki ce ban gane ba. Idan an maimaita ba ki gane ba, ki sake faɗa. Idan aka tambaye ki kin gwada kaza, ki ce na gwada ya ƙi, ga yadda ya ƙi. Muryarki ƙarama ce, na sani, to ki matsa kusa. Kuma tunda maganar ta kawo mu nan, idan wani a wurin ya fara kawo miki abin da ba kya so, ko cuku ne ko magana ce, ki faɗa masa tun a karon farko. Na bar wannan a nan, kin gane.

Yanzu saura mai wuyar, wadda na fi daɗewa ina juya biro a kanta.

Bayan ranar tsawar nan ba ki bar maganar zoben ba. Mutumin da ya yi miki tsawa, Allah Ya saka masa da alheri, shi ne daga baya ya kira ki ya nuna miki cewa akwai akwatunan da suka san maganin abin, nasu ne ƙanana ba su sani ba. Daga nan kika ƙudura sai kin rubuta manhajar da za ta koya wa irin waɗannan ƙananan. Kullum bayan la'asar kina tsakar gida da kwamfutar aro a cinya, kina yi wa Iya bayani, ita kuma tana ɓarar gyaɗa tana tsokanarki. A nan na ji sauran. Kika ce akwatunan za su riƙa gaisawa a tsakaninsu, su zaɓi babba guda, kowa ya riƙe hanya ɗaya tak da za ta kai shi wurin babban, sauran hanyoyin a rufe su. Iya ta ce, "A yanke su ke nan?" Kika ce, "A'a, Iya, ba a yankewa. Tana nan a haɗe, shiru kawai take yi tana saurare. Ranar da hanyar da ake bi ta mutu, sai ita ta buɗe."

Ina can bakin keke, allura ta kusa soke ni.

Ke ce 'yar fari. Kin san yadda aka rene mu a kan haka. Ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yaba shi, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. Ga shi kuma sunan Iya aka sa miki, kunya ta zama biyu. Ban ce al'adar banza ce ba, akwai kyau a cikinta, kuma ita ta sa kika samu kaka irin wadda kika samu. Amma ni na wuce da ita inda aka ce a tsaya. Na mayar da ita wurin ɓuya. Ranar da kika shigo da jan ido, na ji kukanki tun daga zaure, hannuna yana cikin shinkafa, ban tashi ba. Na zuba miki abinci na ce Walida ta kai ɗakin Iya. Da kika ci jarrabawar sakandare, Iya na faɗa wa ta ce miki an gode. Da kika yi zazzaɓin nan mai zafi, ina tsaye a bayan ƙofa Iya tana shafa miki ruwa. Duk abin da zan faɗa miki sai ya bi ta ɗakinta, duk abin da za ki faɗa mini sai ya biyo ta can. Hanyar tana aiki, sai na ga babu dalilin buɗe wata.

Bara Allah Ya karɓi abarsa, Iya ta rasu. Tun daga nan, ki duba gidan nan. Ke kina faɗa wa Walida, Walida tana faɗa wa Abbanku in ta ga dama, shi ya faɗa mini rabi, ni in mayar da amsa ta bakin Walida, ta iso miki ta canza kama. Wani lokaci kuma kowa ya yi shiru yana jiran muryar da ba za ta sake fitowa daga ɗakin nan ba.

Kuma abin da na ji kin gaya wa Walida ke nan ya ƙi miki. Kin ce zaɓen babba yana yi, rufe hanyoyi yana yi, ko waya aka zare wata tana buɗewa. Amma idan babban akwatin kansa kika kashe, sai sauran su tsaya suna jiransa, ko kuma kowanne ya ce shi ne babba, komai ya rikice. 'Yar nan, mu da muke da rai da hankali, shekara guda ke nan ba mu warware wannan ba a gidan nan. Don me za ki ji kunyar cewa bai warwaru miki ba a kwamfutar aro, ke kaɗai, ba mai nuna miki? Wuri ne mai wuya. Ina kyautata zaton matar nan ta san mai wuya ne, wataƙila ma saboda irinsa aka ce ki zo ki zauna kusa da ita. Laifin guda ne, rubutawar da kika yi kamar ya yi. Shi kuma gyaransa magana ce da ba ta fi numfashi biyu ba.

Ni dai ga tawa hanyar na buɗe. Na makara, amma ban yanke ta ba ko rana ɗaya. Ina nan ina saurare tun kina cikin zani.

Tunda na buɗe, bari in faɗi abin da ya taru. Na gode miki. Na gode da jinyar Iya da kika yi, kina juya ta, kina wanke ta, kina ba ta kunu a cokali tana ce miki hannunki ya fi na uwarki sanyi. Na gode da zaren da kike zura mini a allura duk safiya tun da idona ya fara gardama, ki ajiye ki wuce ba ki ce komai ba, kamar aljanu ne suka zura. Na lura. Na gode da ƙannenki da kika goya har bayanki ya saba. Na gode da ba ki taɓa riƙe ni a zuciya ba a kan shiruna, ko kuma kin riƙe kin sauke ban sani ba. Ranar da saƙon zaɓenki ya zo kika ruga kika faɗa wa Abbanku a zaure, kin ga na shige madafa kin ɗauka ban damu ba. Sujada na yi a kan buhun gero, na tashi da ƙaiƙayi a goshi.

Ki gode wa Abbanku ke ma, ki riƙa kiransa. Ba ya iya faɗa, amma ranar da za ki aika takardar, wuta ta ɗauke, shi ya bar dabbobinsa a hannun maƙwabci ya ɗora ki a babur kuka zaga gari neman inda ake da janareta. Da ya dawo cewa ya yi da ni, "Ban san me ta aika ba, amma ban matsa daga wurin ba sai da ta danna ya tafi." Tun ranar duk wanda ya zo zaure sai ya ji cewa 'yarsa za ta je koya wa inji hankali.

A gidan Kawunki ki tashi da wuri ki kama wa matarsa aiki kafin ki fita, ko shara ce. Kada ki zauna gaban kwamfuta har ki manta cikinki, na san halinki. Na sa miki ƙuli-ƙuli da yajin daddawa a cikin jakar baya, yajin na matar Kawunki ne rabi, kada ki cinye. Sallah a kan lokaci, ko ana tsakiyar aiki ki nemi izini. Ki nemi ƙawa ko guda ɗaya a wurin, wadda za ku ci abinci tare, kada ki koma lungu ke da littafi.

Ga yadda nake so ki yi. Ranar da za ki fara zuwa, bayan kun gaisa da Injiniya, kafin a nuna miki kujerarki, kafin ki saba da wurin har barinsa ya yi miki ciwo, ki ce mata, "Ranki ya daɗe, akwai wuri a takardata da na rubuta kamar na gwada ya yi. Bai yi ba. Ga shi." Ki buɗe aikin ki kashe babban akwatin a gabanta ta gani da idonta. Za ki ji tsoro, na sani. Ki faɗa a hakan.

Ban san me za ta ce ba, kuma ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Mai yiwuwa ta jawo kujera ta zauna kusa da ke ku duba tare. Mai yiwuwa ta ɓata rai, ta yi miki magana mai zafi, sannan ta bar ki ki ci gaba. Mai yiwuwa kuma abin da kike tsoro ya faru, su ce ki koma gida. Na auna wannan ɗin ma, na kwana a kansa. Idan haka ta kasance, kada ki tsaya a Kano kina tunanin da wane ido za ki kalli mutane. Ki hau motar Daura. Ni zan zo tasha da kaina, da rana tsaka, in ɗauki jakarki a kaina mu ratsa kasuwa tare, duk wanda ya tambaya in ce masa 'yata ce, ta je ta faɗi gaskiya ta dawo.

Idan kin faɗa mata, ki kira. Wayata za ki kira, ba ta Walida ba.

Allah Ya sa ki a hannun mutanen kirki. Ya buɗe miki abin da ya rufe, Ya sanyaya zuciyar wadda za ki tsaya a gabanta. Ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin baki da ciwon da ba a gani. Ya kai ladan duk abin da kika koya kabarin Iya. Ya dawo mana da ke lafiya, ko da wuri ko a kan lokaci, yadda Ya ga ya fi alheri. Abbanku yana sa miki albarka. Ki gaida Kawunki da mutanen gidansa duka.

Na ji muryarku a zaure, bari in naɗe.

Wassalam.

Ummanku,
Daura.